Kitso Mai Zafi Ba Ya Ƙara Tsawon Gashi

Mata da yawa sun ɗauka cewa idan makitsiya ta ja gashi sosai, har mace ta kasa ɗora kai a matashin kai daren farko, to kitson ya yi kyau kuma zai sa gashi ya yi tsawo. Wannan kuskure ne. Gashi yana tsirowa ne daga saiwarsa a cikin fatar kai, kusan santimita 1 a wata, kuma ja ba ya ƙara masa sauri.

Abin da jan yake yi shi ne raunana saiwar, musamman idan an haɗa da gashin doki, wanda nauyinsa yake rataye a kan siraran gashin gaban goshi da gefen kunne. Ƙananan ƙurajen da ke fitowa a bakin kitso, da ciwon kai, alamu ne na cewa an matsa da yawa, kuma abin da ya dace shi ne a warware wurin nan take, ba a sha maganin ciwon kai a jure ba. Idan aka yi shekaru ana haka, goshi yakan zaizaye, wani lokaci gashin ba ya sake fitowa.

Tsawon da ake gani bayan tsifa ya samu ne domin an bar gashin ya huta daga taza. Shi ma hutun yana da iyaka: kada kitson ya wuce mako 6 zuwa 8, a riƙa wanke fatar kai, sannan a bari ya bushe sarai kafin a ɗaura ɗankwali.