Wa Ya Ce Idan An Yaye Yaro Sai A Miƙa Wa Ubansa?

Tambayoyin da mata ke yi bayan aure ya mutu ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne, ko a Kano ne ko a Gusau ko a Bauchi. Ya sake ni, ya ce in fita in bar masa 'ya'yansa, dole ne? Wannan da nake goyo, idan na yaye shi za su zo su karɓe? Wa zai ciyar da su? Na gaji da zaman, ya ƙi sakina, sai na biya shi? Duk mai sauraren shirin fatawa a rediyo, ko wanda ya taɓa zama a barandar kotun shari'a da hantsi, ya san waɗannan tambayoyi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsoshinsu suna nan a rubuce sama da shekara dubu, a littafin da ake biyawa a zaurukan malamanmu kullum, amma in ka shiga gidajenmu sai ka tarar wata doka ce daban ke aiki.

Bari in fara da wadda ta fi zafi, wato riƙon yara, abin da malamai ke kira hadana. Kotunan shari'a a Arewa da mazhabar Malikiyya suke hukunci. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta faɗi maganar ba tare da kwana-kwana ba: bayan saki riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Babu maganar yaye a ciki, babu maganar shekara bakwai. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, kakar yaron ta wajen uwa ke nan, bayanta sai 'yar'uwar uwa. Sai an bi wannan layi na dangin uwa kafin a waiwayo ɓangaren uba. To wanda ya tsaya a ƙofar ɗaki yana cewa "ki fita ki bar min 'ya'yana, ai ba da su kika zo ba", ya gaya mana a wane babi ya karanta haka.

Asalin hukuncin ma ya girmi Risala. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mace ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ɗanta ne, cikinta ne ya zama masa mazubi, nononta ya zama masa abin sha, cinyarta ta zama masa makwanci, ga shi ubansa ya sake ta kuma yana son ya ƙwace shi. Sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Akwai kuma labarin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda nake so kowane magidanci ya sani. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa, ta riƙe, suka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar. Umar ya ce ɗana ne, ita ma ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce ya sakar mata yaron. Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Umar fa, wanda kowa ya san zafinsa a kan gaskiya, ya bar wa tsohuwa jikanta saboda hukunci ya hau kansa. Mu kuwa yau sai ka ji ƙaramin magidanci yana rantsuwa cewa ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar ɗansa ya kwana a gidan surukansa ba.

Na san abin da maza za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce ɗa na uba ne. Gaskiya ne, nasaba ta uba ce, sunansa yaron zai amsa, shi zai gada, shi ne waliyyinsa, shi zai aurar da 'yarsa. Yana da ikon ya sa ido a kan tarbiyya da karatu, ya zaɓi makaranta, ya ga ɗansa. Uwar da ke ɓoye yaro ta hana uba ganinsa, ko take zuba masa ƙiyayyar ubansa a kunne, ita ma zalunci take yi, ba na goyon bayanta ko kaɗan. Kuma riƙon uwa yana da sharuɗɗa: hankali, amana, iya kula da yaron, muhalli mai aminci. Idan uba ya kawo hujja gaban alƙali cewa uwar tana sakaci ko gidan da take yana da hatsari ga yaron, alƙali zai iya karɓewa. Amma hujja ake kawowa, a gaban alƙali ake kawo ta. Zargi na fatar baki da tura ƙanne su ɗauko yaro daga hanyar islamiyya ba hujja ba ne.

Za su kuma ce ba sa son ɗansu ya zama agola. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma shari'a ta riga ta amsa ta, tun da auren uwa da wanda ba muharramin yaron ba yana sauke mata riƙo. Sai dai a tambayi kai da gaskiya: idan aka karɓo yaron, hannun wa yake komawa? Uban ya fita kasuwa tun sassafe, sai bayan isha zai dawo. Yaron yana hannun matar uba, wadda wataƙila da uwarsa suka yi zaman kishi, ko kuwa an kai shi ƙauye wajen tsohuwar da ita kanta neman mai ɗebo mata ruwa take. Akwai matan uba masu tsoron Allah da suka riƙe 'ya'yan miji kamar nasu, na san su, Allah Ya saka musu. Amma duk wanda ya tashi a unguwa ya ga ɗayan ɓangaren ma: yarinya 'yar shekara shida tana wanke-wanke da asuba cikin hunturu, kitsonta ya yi wata biyu ba a tsefe ba, ƙafa duk faso, in ta ji an ambaci sunan uwarta sai ta sunkuyar da kai don an koya mata cewa laifi ne. Uwarta kuwa tana unguwa ta gaba, ba ta yi aure ba, lafiyarta ƙalau, sai dai ta tsaya a bakin lungu lokacin tashi daga makaranta ta hango ta. Ban ga abin da uban nan ya ƙaru da shi ba illa ya huce haushinsa a kan wadda ya saka, kuma da jikin 'yarsa ya huce.

Akwai wani nau'in kuma, wanda a ganina ya fi yawa a yanzu da rayuwa ta yi tsada. Shi ba ya ƙwace yara, tattara su yake da uwar ya tura gidan ubanta, shi ke nan ya shafe hannu. Sai ka ga dattijo da ya aurar da 'ya yana murna nauyi ya ragu, ga ta ta dawo da uku, ɗaya a baya. Kwanon da ake aunawa a da ya daina isa, kuɗin makaranta ya tsaya, ƙarshe babbar ta ɗauki tallan gyaɗa, namijin a ce a kai shi almajiranci. Nan ma hukuncin a fili yake. Zaman yaro a hannun uwa bai sauke wa uba ciyarwa ba. Ci da sha da tufafi da magani da wurin kwana duk a wuyansa suke, namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta tare a gidan miji. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai ciki a ciyar da ita har ta haihu, in ta shayar a ba ta ladan shayarwa. Matan Hausawa nawa ne suka taɓa jin cewa akwai ladan shayarwa, balle su karɓa?

Idda ma haka muka yi mata. Ayar farko ta wannan sura ta ce kada a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, su ma kada su fita. Mu kuwa kalmar sakin ma ita ce "je ki gidanku". Kafin magariba an kira mai a-daidaita-sahu an kwashe kaya. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana da haƙƙin ci da wurin zama har ta gama idda. Wadda sakinta ya yanke tana da wurin zama, in tana da ciki har da ciyarwa. Da ana barin mace a ɗakinta tsawon nan, da aure da yawa bai kai ga mutuwa ba, don fushin dare ɗaya ba ya kai wata uku. A nan iyayen mata ma suna da nasu kason, su da ke cewa 'yarmu ba za ta ƙara kwana a gidan da aka wulaƙanta ta ba.

Sai maganar wadda take son rabuwa miji ya ƙi. An cusa wa mata cewa hanya ɗaya ce, ta biya shi, wato khul'i. Khul'i gaskiya ne, matar Sabit ɗan Ƙais ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su, kuma ita da bakinta ta ce ba ta zarginsa a addini ko hali, zaman ne ba ta so. Wannan shi ne wurin khul'i. Amma wadda ake duka, ko aka daina ciyarwa, ko aka ƙaurace wa, ko miji ya tafi ya bar ta babu aike babu saƙo, a Malikiyya tana iya kai ƙara, in ta tabbatar da cutarwa alƙali ya raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Risala ta ƙara da cewa idan ta fanshi kanta saboda cutar da ake mata, za a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma ya tabbata. Don haka mijin da ya kuntata wa mace da gangan don ta gaji ta biya, sannan ya zo kotu da dogon lissafi har da kuɗin zance da goron sallah, ya sani abin da yake nema ba halalinsa ba ne. 'Yar'uwa, kafin ki yarda da sharaɗin khul'i ki saurara da kyau, musamman in an saka cewa kin sarayar da riƙon yara ko kin ɗauke wa uba ciyarwa. Cikin zafin rai mace kan ce "na yarda, ni dai a raba mu", daga baya ta yi kuka.

To me ya sa duk da haka mata ba sa zuwa kotu? Kunya da gori. A ce wance ta kai uban 'ya'yanta ƙara, wa zai aure ta? Uba ya ce, "Ke dai ki yi haƙuri, in sun girma za su neme ki." Uwa ta ce, "Bar shi da Allah." Haƙuri abu ne mai kyau, amma mutum da haƙƙinsa yake haƙuri. Abincin yaro da karatunsa haƙƙin yaron ne, ban ga yadda kaka zai yafe su a madadinsa don gudun surutun unguwa ba. Zuwa gaban alƙali kuma ba fitsara ba ce, tun da kakar Asim ta je, kuma halifan Manzon Allah ya ba ta gaskiya.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A fara da sulhu, waliyyai da dattawan ɓangarorin biyu su zauna, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. In ya gagara akwai mai unguwa, akwai Hisba a jihohin da take, ta Kano tun 2003 take da dokarta kuma sasanta ma'aurata na cikin manyan ayyukanta. Abin da aka amince a rubuta, a sa hannu, da shaidu. In nan ma bai yiwu ba sai kotun shari'a, a yanki sammaci. Ba dole sai da lauya ba, mace tana iya tsayawa da kanta ta ce, "Allah gafarta Malam, ina neman riƙon 'ya'yana da ciyarwarsu." Ta riƙe takardar sakinta, da takardun haihuwa, da rasit na makaranta da asibiti, da shaidu biyu da suka san zaman. Wanda hukunci bai yi masa ba yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara da gado. Mai neman taimakon lauya kyauta ta tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko hukumar ba da agajin lauya ta gwamnatin tarayya. Maƙwabtanmu Kiristoci da suka yi auren rajista kuwa tasu hanyar daban ce, Babbar Kotun jiha ce ke raba auren a ƙarƙashin dokar 1970, kuma can ma maslahar yaron ake sawa a gaba.

Ba zan ɓoye ba, samun hukunci daban, aiwatar da shi daban. Alƙali zai yanka kuɗin wata, mutum ya biya sau ɗaya ko biyu ya ɓace, mace ta yi ta zarya har kuɗin mota ya fi abin da take bi. Wani lokacin abin da aka yanka ma bai kai kuɗin koko da ƙosai na wata ba. Nan ne gyara ya kamata ya shiga. Maroko ƙasar Malikawa ce kamar mu, amma tun dokar iyali ta 2004 saki a can sai ta hannun kotu, kuma kafin a ba miji izini sai ya ajiye haƙƙin matar da na yaran a kotu cikin kwana 30. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar kundin dokar iyali a 2017, aka yi ta cece-kuce a kan batun ƙara aure kawai, aka bar sauran abin da ke ciki. Gwamnati ta iya kashe kuɗi a kan auren zawarawa tun 2012, to ta iya sa a riƙa rajistar kowane saki, a yanka ciyarwar yara a ranar, ma'aikaci a cire daga albashinsa, ɗan kasuwa a sa shugabannin kasuwarsa su tsaya masa. Malamai kuma da suka cika mumbari da wa'azin biyayyar aure, muna roƙonsu su ware Juma'a ɗaya su karanta wa maza babin hadana da na ciyarwa, da Hausa, yadda kowa zai ji.