Ƙannena Sababbin Direbobi, Ƙwaya Ba Ta Maganin Kewa

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana da kuka karɓi makullin tirela kwanan nan. Da ku nake yau, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake.

Daren Talatar da ta wuce ina zaune a bencin mai shayi a Mararrabar Jos, sai ga wani yaro ya faka DAF ɗinsa an lulluɓe ta da tamfol, wake ya ɗauko daga Dawanau za shi Legas. Gemunsa ko gama fitowa bai yi ba. Ya zauna kusa da ni da waya a kunne, ina jiyo muryar tsohuwa tana ta sa masa albarka, shi kuwa ba abin da yake cewa sai "to Inna, in sha Allahu Inna." Da ya kashe wayar ya cire hula ya share fuska da ita, ya daɗe kansa a sunkuye. Har na buɗe baki zan ce a haɗa masa shayi mai kauri, sai na ga ya yafito wani mai yawo da kwalin magunguna, ya ɓalli tiramol biyu, ya kora da lemon nan na ƙara kuzari. Hannunsa rawa yake, da ƙyar ya buɗe murfin robar. Na ce, ɗana, yaushe rabonka da barci? Ya ce tun shekaranjiya, a layin lodi ya kwana. Na ce ga benci, ga masallaci, ka miƙe ko zuwa asuba ne. Ya ce, "Baba, barci sai an sauke lodi. Kuma in na kwanta tunanin gida ba zai bar ni ba." Ya ta da mota, ya hau titi da tan talatin a bayansa, ga ƙananan motoci cike da mata da yara suna tahowa.

Abu biyu ke damun yaron nan, gajiya da kewa, kuma duka biyun ya tattara ya miƙa wa ƙwaya. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Tafa zuwa Lokoja, daga Mokwa zuwa Ogere, duk inda manyan motoci ke kwana, za ka ga ɓawon ƙwayar nan a ƙasa a gindin tayoyi.

Wa ya ce muku kewar gida abin kunya ce? Sayyidina Bilal, wanda aka ɗora wa dutse a ƙirji cikin zafin rana bai ja da baya ba, da suka yi hijira zuwa Madina zazzaɓi ya kama shi, kwance yake yana ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda bege. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana ɗayanku abincinsa da abin shansa da barcinsa, in ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. To kai wane ne da za ka ce zuciyarka ba za ta motsa ba? Ka bar amarya ko wata shida ba ta yi ba. An yi sunan ɗan wanka kana bakin Gadar Jebba da fasasshiyar taya. Ranar Sallah ta same ka a Apapa kana jiran lodin dawowa, ruwa na zuba, sauro ya cika kan mota, ba ka jin yaren mutanen gari, 'yan karɓar kuɗi sun tare ka sau nawa tun daga Ibadan, tuwon da ka saya ba irin na gida ba ne. Duk wanda ya riƙe sitiyarin doguwar tafiya ya san wannan daren. Dole ƙirji ya yi nauyi. Wanda bai ji komai ba a irin wannan hali, shi ya kamata a bincika.

Gajiyar ma haka. Akwai wadda barcin dare ɗaya ke wankewa, akwai kuma wadda ke taruwa wata da watanni har ta koma ƙosawa. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Ka wayi gari ƙarar injin da kake alfahari da ita ta ishe ka. Yaron motarka ya yi ɗan kuskure ka rufe shi da zagi har da iyayensa. Abinci ba ɗanɗano, baya da wuya sun riƙe, wayar gida ta shigo ka zuba mata ido har ta katse don ba ka da abin faɗa. Ka hango tirela a titi gabanka ya faɗi alhali kana hutu. Jikinka ne ke magana, rai dangin goro ne, ban iska yake so. Ku kuwa da ya yi magana sai ku toshe masa baki da ƙwaya.

Kun san abin da kuke haɗiya kuwa? Tiramol maganin ciwo mai tsanani ne, dangin su kodin, likita ke rubuta shi, kuma wanda aka amince da shi a asibiti miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayar muku a tasha 225 ne, wani ma 250, an shigo da shi ta bayan fage, ba wanda ya san yadda aka haɗa shi. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, jin ciwon kawai yake ɗaukewa, gajiyar na nan daram. In ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba sallama, kuma ku da kanku kun ga waɗanda ta kayar a bakin tasha suna kumfa. Ku ɗauka ta zo wa mutum yana gangarowa da lodi, ƙafarsa a kan totur. Sannan jiki na sabawa da shi. Wanda ya fara da rabi, kafin shekara ta zagayo biyu ba sa yi masa komai, ranar da bai samu ba kuma sai zufa da hamma da ciwon gaɓoɓi da baƙin rai. Kewar da ka gudu daga gare ta ta dawo ninki biyu, ga kuma sabon ubangida da za ka riƙa ciyarwa kullum. An gudu ba a tsira ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin suke sha ba da izinin likita ba. A shekarar ce ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Sana'armu da ke ɗauke da abincin ƙasa da rayukan bayin Allah, ita ce za ta shiga wannan lissafi?

Ku daina yaudarar kanku cewa kun fi ƙarfin barci. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. A hanyar dawowa daga Khaibar, da ayarin Manzon Allah (SAW) ya sauka cikin dare, Bilal aka ɗora wa tsaron asuba. Ya yi salla iya ƙarfinsa, ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. In barci ya rinjayi Bilal, kai ɗan wa? Allah da ya halicce ka ya ce ya sanya barci hutawa, ya sanya dare sutura. Masana sun auna, mutumin da ya yi awa 24 idonsa biyu, tuƙinsa daidai yake da na wanda ya bugu da giya. Kai da ko ƙofar mashaya ba ka taɓa takawa ba, ga ka kana tuƙin mashaya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu, wanda kai ba za ka ma san ka yi ba, ta yi tafiyar kusan tsawon filin ƙwallo ba direba. Ƙwaya na iya riƙe maka fatar ido a buɗe, amma ƙwaƙwalwa in lokacinta ya yi kashe fitila take, ido a buɗe mutum ba ya gani. Shi ya sa za ka ga tirela ta kwanta a miƙaƙƙen titi, ba rami ba kwana, ba ko alamar birki a kwalta, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

A ƙasashen Turai doka ba ta barin direban babbar mota ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi bai huta minti 45 ba, kuma a yini awa tara ne ƙa'ida, da na'ura a cikin motar tana rubuta komai. Titunansu lafiyayyu ne, ba rami, ba shinge kowane kilomita. Mu da muke bin Lambata zuwa Bida, inda giya uku ma sai ka yi da gaske, mu ne za mu yi yini da kwana a kan sitiyari da ƙarfin ƙwaya?

Na san abin da za ku ce: mai mota ne. Gaskiya ne, kuma su ma ba zan ƙyale su ba. Alhajin da ke kwance a ɗaki mai sanyi yana bugo waya ƙarfe biyun dare, "kana ina, me ka tsaya yi", wanda ke ƙirga kuɗin hanya kamar zai fita daga jininsa, wanda tayarsa ta suɗe har waya ta fito amma ya ce a lallaɓa, ya ji tsoron Allah. Masu tumatir da shanu ma haka, kayansu ba sa jira, kowa so yake a isa kasuwar Mile 12 ta Legas kafin kasuwa ta faɗi. Amma ɗana, in motar ta faɗi, mai mota zai yi jaje ya sayi wata, makullin kuma a miƙa wa na bayanka kafin a yi sadakar bakwai. Innarka fa, ina za ta sayo wani kai? Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Ga kuma waya, wadda ta zama wata masifar. Da ita ya kamata ku rage kewa, amma kun mai da ita abin cinye ɗan lokacin barcin da kuka samu. Mutum ya faka ƙarfe goma sha ɗaya, maimakon ya kwanta sai ya kama TikTok har ƙarfe uku, ko ya zuba kuɗin hanyarsa a cacar ƙwallo, asuba ta yi ido ya yi jawur, sai a nemi mai kwali. Wasu har bidiyo suke ɗaukar kansu suna tuƙi, hannu ɗaya a sitiyari, ana yi musu kirari. Batun ɗakunan bayan tasha kuwa ba sai na buɗe ba, manya na karantawa. Wanda ya ce kewar matarsa ce ta kai shi can, ya tuna abin da zai kwaso ita zai kai wa. Duk waɗannan ƙwaya ce uwarsu, don ita ke cire kunya, in kunya ta fita kuwa komai ma sai ya shigo.

To me za ku yi? Ba wani asiri a ciki. In barci ya zo, nemi wuri mai mutane ka faka ka kwanta, tafiya sannu sannu kwana nesa. Ka kira gida ka yi hira ta gaske, ka tambayi Inna akuyarta ta haihu ko tukuna, kada ka tsaya a "lafiya lau". Ka zauna cikin 'yan'uwanka direbobi ku ci a kwano ɗaya, ka faɗa wa wani babba abin da ke ranka, ba wanda zai yi maka dariya sai wawa. Ka riƙe salla, Allah ma ya sauƙaƙa wa matafiyi ya ce ya yi ƙasaru. In an sauke lodi ka nemi kwanakinka a gida, haƙƙinka ne, jikinka da idonka da iyalinka duk suna da haƙƙi a kanka. Wanda kuma ƙwayar ta riga ta kama, ya je asibiti, kada ya tsaya jin kunya, don yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ba yana da wahala.

Mu da muka taso, ba a ba yaro makulli don ya iya juya mota. Shekaru za ka yi kana yaron mota, kana wanki, kana ɗaure tamfol, kana sa katako a bayan taya a kan hawa, kana kallon yadda maigidanka ke sauraron inji. A wannan zaman ne kake koyon nisa da gida a hankali, ƙarƙashin idon wanda ya ɗauke ka kamar ɗan cikinsa. In ya ga ka yi shiru da yawa, shi zai ja ka da hira, ya saya maka tsire, ya ba ka labarin tafiyarsa ta farko. Goro da shayi su ne iyakar abin da maigida ke riƙe ido da su, in suka gaza ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ko lodin gwal ya ɗauko. Direba mutum ne mai daraja a gari, in ya dawo yara su tarye shi, a ba shi 'ya ba a yi dogon bincike ba. Babban direba a tasha yana iya ƙwace makulli daga hannun yaron da ya ga idonsa ya canza, kuma mai mota ya zo ya yi masa godiya. Yau ka yi wa yaro magana ya ce maka ba kai ka saya masa motar ba. Shugabannin ƙungiya suna zaune suna yankar rasit, mai kwali na wucewa ta gabansu, har gaisawa suke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran motarku. Ku kuke aikensu sayowa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya san wadda ake cewa ja da wadda ake cewa kore, ya san farashi, ya san wanda ke sayar da mai ƙarfi a kowace tasha daga Kano har Legas, alhali bai san yadda ake duba man birki ba. Gobe shi za a miƙa wa makulli, kuma iyayensa amana suka ba ku.