Jiyau da ke ɗaukar kansa ganau: gajerun bidiyo da ilimin falaki

Duk mai bibiyar labarai zai tuna hayaniyar da aka yi a ƙarshen watan Fabrairun 2025, lokacin da shafukan sada zumunta suka cika da gajerun bidiyo masu shelar cewa duniyoyi bakwai za su yi jerin gwano a sararin sama a daren 28 ga wata. Hotunan da aka riƙa yaɗawa sun jera su kamar 'ya'yan carbi, kowace da girmanta da launinta, Saturn da zobenta, Jupiter da zane-zanenta, sai ka ce mutum zai miƙa hannu ya taɓa su. Wanda ya amince ya fita waje a daren, abin da ya tarar bai wuce ɗigon haske uku ko huɗu ba a warwatse tsakanin yamma da gabas: Zara, wadda Turawa ke kira Venus, sai Jupiter, sai Mars, sai kuma Mercury ga wanda ya yi sa'ar samun sarari a ƙasa-ƙasa ta yamma. Saturn ta nutse cikin hasken faɗuwar rana. Uranus da Neptune kuwa sai da madubin hangen nesa, ita Neptune ma, da ke nisan kusan kilomita biliyan 4.5 daga rana, ido tsirara bai taɓa ganin ta ba.

Ƙaryar hotunan ba ta dame ni kamar yadda uzurin da ya biyo bayanta ya dame ni ba. Na karanta, na kuma ji daga bakin mutanen da ya kamata su fi kowa sani, har da masu koyarwa, cewa ai ko ba komai bidiyon sun sa jama'a sun ɗaga kai sun dubi sama, kuma wai wannan shi ne sabon ajin karatu, don haka a daina ƙorafi a rungumi zamani. Wannan ra'ayi ne nake ganin ya fi bidiyon kansu illa, domin shi ne ke sa malami ya buɗe wa ɗalibai bidiyon minti ɗaya ya ɗauka ya koyar da darasi, shi ne kuma ke sa mai koyo ya ƙirga sa'o'in da ya ɓata yana latsa waya a matsayin karatu. Mutumin da aka yi wa alkawarin carbin duniyoyi ya fita ya ga ɗigo uku, ba da sha'awa yake komawa ɗaki ba. Yana komawa ne da ɗayan biyu: ko dai ya yanke cewa sama ta gaskiya ba ta kai ta cikin waya kyau ba, ko kuma ya yanke cewa masu kimiyya ma zuzuta magana suke yi kamar kowa.

Abin takaici shi ne akwai darasi na gaske a cikin lamarin, kuma shi ne ainihin abin da bidiyon suka binne. Duniyoyin da ke kewaya rana duk suna tafiya ne kusan a kan shimfiɗa guda, kamar tsabar da aka zuba a faifai ɗaya, kuma wadda ta fi karkata a cikinsu, wato Mercury, karkatarta ba ta wuce digiri 7 ba. Saboda haka duk daren da aka ga duniyoyi biyu ko uku, a kan layi guda za a gan su, layin da rana da wata ke bi daga gabas zuwa yamma. Jeruwarsu ba abin al'ajabi ba ce, abin da ba a cika samu ba kawai shi ne su taru a gefe ɗaya na rana a lokaci guda. Yaron da ya fahimci wannan jimla ɗaya ya san inda zai nemi duniyoyi har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma riƙe bakin zaren yadda rana da iyalinta suka samo asali daga faifan ƙura da iska mai juyawa. Amma bidiyon da ya ce abin yana faruwa kullum ba zai samu masu kallo ba, don haka sai aka ce sau ɗaya ne a rayuwa.

Ba yau farau ba. A watan Agustan 2003 Mars ta matso kusa da duniyarmu fiye da yadda ta yi cikin dubban shekaru, zuwa nisan kusan kilomita miliyan 56, sai wani saƙon imel ya bazu yana cewa za a gan ta da girman wata. Asalin maganar ita ce idan aka dube ta da madubin da ke ninka girma sau 75, za ta yi kama da girman wata a ido tsirara, amma a hanya sai sharaɗin ya faɗi, ƙaryar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, tana dawowa kusan duk watan Agusta shekara da shekaru. Bambancin wancan lokaci da yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa haɗa hoto, har ya zama duk wanda ya ga dama zai ƙera gajimaren taurari mai launuka ya liƙa masa sunan madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya. Mai kallon da ba a taɓa gaya masa cewa wannan madubi, wanda aka harba a ranar 25 ga Disamba 2021, yana aiki ne galibi da hasken da idon ɗan adam ba ya gani, kuma launukan hotunansa masana ne ke zaɓa su ɗora bisa ƙa'ida, ba shi da ma'aunin da zai raba na gaske da na jabu. Duka biyun kyawawa ne, kuma kyau kaɗai aka koya masa nema.

Za a ce ai akwai bidiyo masu inganci, kuma gaskiya ne akwai. Sai dai ko ingantaccen bayani ba ya tumɓuke kuskuren da ya riga ya yi saiwa a kai, matuƙar sauraro kawai aka yi. A shekarun 1980 masu binciken koyarwa sun tare ɗaliban da ke bikin kammala karatu a jami'ar Harvard suka tambaye su abin da ke kawo sauyin yanayi tsakanin zafi da sanyi, mafi yawansu suka ce kusantar rana da nisantarta ne. Waɗannan mutane sun sha jin amsar daidai a makaranta, wato karkatar duniya da digiri 23.4, amma ta shiga ta kunne ɗaya ta fita ta ɗayan. Alhali duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da arewacinta ke cikin tsananin sanyi, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Haka nan da yawa daga masu ilimi har yau sun ɗauka inuwar duniya ce ke rage wata ya koma jinjiri, suna haɗa shi da husufi. Idan lacca a Harvard ba ta gyara wannan ba, ban ga dalilin da zai sa a yi tsammanin bidiyon daƙiƙa arba'in mai kiɗa a bayansa zai gyara ba.

Ilimin falaki tun asalinsa ilimin ganau ne, kuma a nan hujjata take. Ma'aunin da nake auna kowane shafi ko manhaja da shi guda ɗaya ne: shin yana faɗa maka wani abu da za ka iya fita ka gwada da idonka, ka kama shi da ƙarya idan ya yi? Manhajar Stellarium, wadda wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara a 2001 kuma kyauta ce ga kowa, ta ci wannan jarrabawa. Mutum zai sa mata wurin da yake da lokacin da yake so, ta nuna masa sama kamar yadda za ta kasance a kansa, ta ce masa ga inda Kaza da 'Ya'yanta za su tsaya da ƙarfe tara, ga lokacin da wata zai fito gobe. Wannan batun wuri ba ƙarami ba ne, domin bidiyon da aka shirya wa mazauna can arewacin duniya ba ya gaya wa na kusa da tsakiyarta ko na kudancinta cewa tasu samar daban take, har kwanciyar jinjirin wata ma ta bambanta. Da a ce waɗanda suka fita a daren 28 ga Fabrairu sun ba wannan manhaja minti biyar kafin su fita, da sun san abin da za su gani da abin da ba za su gani ba, kuma da sun dawo da gamsuwar wanda aka yi wa alkawari aka cika.

Malamin da ke son ya san ƙarfin irin wannan kayan aiki ya gwada abu mai sauƙi. Ya sa ɗalibai su zana wata a lokaci guda kowace yamma na tsawon mako biyu, tun daga tsayuwarsa, su rubuta inda yake da siffarsa da inda rana ta faɗi. Da kansu za su gano cewa yana matsawa gabas da kimanin digiri 13 kowace rana, cewa fitowarsa na jinkiri da kusan minti 50, kuma cewa gefensa mai haske kullum yana fuskantar inda rana take. Daga nan sai a buɗe manhajar a kwatanta zanensu da lissafinta, a tura lokaci gaba a yi hasashen cikar kwana 29 da rabi. Ɗalibin da ya yi wannan ba zai sake cewa inuwar duniya ce ba, domin ya ga jinjirin wata da rana a gefe ɗaya na sama, inda inuwar duniya ba ta da hanyar kaiwa. Wanda ya samu ƙaramin madubi kuma yana iya bin manyan watannin Jupiter huɗu, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610, ya ga mafi kusa a cikinsu yana kammala zagayensa cikin ƙasa da kwana biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a taɓa samun zamanin da ainihin kayan masana suka zo hannun kowa kamar yanzu ba, amma hayaniya ta rufe su. Jami'ar Rice ta Amurka, ta shirinta na OpenStax, ta sa cikakken littafin falaki na matakin shiga jami'a a intanet kyauta. Shafin hoton falaki na kullum da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke ɗauke da shi yana fitar da hoto ɗaya da bayanin ƙwararre tun watan Yunin 1995. Kumbon Juno, da ya isa Jupiter a 2016, ana sakin ɗanyen hotunansa domin duk mai sha'awa ya sauke ya sarrafa da kansa, kuma wanda ya taɓa yin haka sau ɗaya ya fahimci batun launi fiye da wanda ya kalli hotuna dubu. Cibiyar nazarin falaki ta Harvard da Smithsonian tana da ƙananan madubai masu sarrafa kansu waɗanda ɗalibi zai umarta ta intanet su ɗauko masa hoton abin da ya zaɓa. Shirin Galaxy Zoo, da aka buɗe a 2007, ya nemi jama'a su taimaka wajen rarrabe gungun taurari kusan miliyan ɗaya, mutane fiye da dubu ɗari suka amsa, kuma a cikinsu ne wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta lura da wani baƙon gajimare da har yau masana ke kira da sunanta. A 2012 wasu 'yan sa-kai biyu, suna duba bayanan madubin Kepler, suka gano wata duniya a cikin tsarin da ke da taurari huɗu. Babu ɗayan waɗannan mutane da ya kai inda ya kai ta hanyar latsa bidiyo na gaba.

Masu cewa hasken lantarkin birane ya kashe sama, don haka allon waya ne kaɗai mafita, sun manta cewa wata da duniyoyi biyar masu haske suna keta hasken kowane birni. Masu cewa yaran yanzu ba su da haƙurin jiran mako biyu kuwa, ina jin haƙurin malamai suke nufi. Akwai kuma waɗanda ke ɗaya gefen, masu son a ƙwace wayoyi gaba ɗaya a koma allo da alli, kamar dai laifin na'ura ne ba na yadda ake amfani da ita ba.

Ba na tsammanin kamfanonin da ke cin riba da yawan kallo za su rage wa ƙarya gudu don kansu, kuma ban ga amfanin roƙon su ba. Abin da ke hannunmu ƙarami ne. Masu horar da malamai su sa manhajar taswirar sama cikin abin da kowane malamin kimiyya zai iya sarrafawa kafin a ba shi aji. Kafofin labarai, duk lokacin da za su ba da labarin husufi ko tauraro mai wutsiya ko wani sabon jerin gwano, su daina ɗora hoton da aka zana, ko aƙalla su rubuta cewa zane ne, su kuma faɗi ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, da ido ko da madubi. Ƙungiyar masana falaki ta duniya tana da ofishin ilimi a Heidelberg da ke Jamus, da darussan da aka tantace waɗanda kowa zai iya ɗauka, sai dai mafi yawansu cikin manyan harsuna ƙalilan suke, kuma aikin mayar da su cikin sauran harsuna yana jiran masu yi. Wani jerin gwanon zai sake zuwa, bidiyon za su sake cewa sau ɗaya ne a rayuwa, kuma ranar da sa'ar da kusurwar duk suna nan cikin Stellarium tun yanzu ga wanda ya tura kalandarta gaba.