Manhajar koya wa yara kiyaye haɗari ta san kududdufi da fiya-fiya?

Ranar Juma'ar da ta wuce na leƙa gidan yayata a Gwammaja, na tarar da autarta mai shekara biyar ta duƙufa a kan wayar uwarta. Wani wasa take yi na koya wa yara kiyaye haɗari. Tana ganina ta ce, "Kawu, ka san lambar da ake kira in gobara ta tashi?" Kafin in amsa ta ce 911, tana murna. Lambar Amurka ce wannan. Tamu ta gaggawa a Najeriya 112 ce. Yarinyar ta haddace darasinta tsaf, sai dai darasin ba na ƙasarta ba ne.

Ba na cikin masu ganin duk abin da ya fito daga waya lalata tarbiyya ne. Irin waɗannan manhajoji suna da amfanin da faɗan iyaye ba shi da shi. Yaro zai tsallaka titin cikin wasa sau ashirin, mota ta buge ɗan zanen, a sake farawa, babu wanda ya zubar da jini. Wayar ba ta gajiya da maimaitawa, ba ta tsawa. Na ga yadda ta koya wa yarinyar nan cewa in wuta ta kama riga ba a gudu, a kwanta a yi birgima. Wannan darasi ne na gaske, kuma manya da yawa a unguwarmu ba su san shi ba.

Damuwata ita ce kusan duk wanda na duba an yi shi ne don yaron wata duniya. Ɗauki tsallaka titi. Manhajar da aka yi a Ingila tana koya wa yaro ya fara duba dama, domin can a hagu ake tuƙi. Mu tun 1972 muka koma tuƙin dama, motar da ta fi kusa da yaro daga hagunsa za ta ɓullo. Ko wadda ta dace da hannunmu, titinta mai zane ne, da fitila, da direbobin da ke tsayawa in ja ya kama. Wa ya zana mata Titin Katsina da yamma, ko Kurna lokacin tashin makaranta, inda ɗan adaidaita sahu zai biyo hannun da ba nasa ba don ya ɗauki fasinja? Yaron Kano yana buƙatar a ce masa ya duba ko'ina, ya sake dubawa, in akwai gadar masu ƙafa ya hau, in babu ya jira babba ya kama hannunsa.

Sannan abubuwan da ke ɗauke mana yara ba sa cikin wasannin nan ko kaɗan. Duk damina sai mun ji jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano sun ciro gawar yaro daga kududdufi ko rijiya. Wankan kududdufi wasa ne a idon yaro, bai san ramin da masu haƙar ƙasa suka bari a ƙarƙashin ruwan ba, bai san laka tana riƙe ƙafa ba. A cikin gida kuwa ga kalanzir a gorar lemo, wanda ɗan shekara uku mai jin ƙishi ba zai bambance shi da ruwa ba. Ga fiya-fiya a ƙarƙashin gado, ga maganin ɓera da aka gauraya da abinci aka ajiye a lungu. Ga hita a cikin bokiti, ga tukunyar gas kusa da wurin wasa, ga kaskon wuta a ɗaki a rufe lokacin hunturu, ga hayaƙin janareto a soro. Ban ga manhaja ɗaya da ta nuna gorar lemo ta tambayi yaro ko zai sha ba. Sai tafkin wanka mai shuɗin ruwa da mai gadi a kan kujera.

Batun baƙo ma haka yake. Suna cewa kar ka kula wanda ba ka sani ba. Mu kuma tarbiyyarmu ta ce kowane babba baba ne, a gaishe shi, in ya aike ka ka je. Ba na son a rushe wannan. Amma ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yaran Kano da aka sace aka kai Anambra aka sayar. Kuma sau da yawa mai cutar da yaro ba baƙo ba ne, sananne ne. Darasin da ya dace da mu shi ne: gaishe shi, amma kar ka bi shi ko'ina sai Umma ta sani, ko da ka san fuskarsa. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai iya tsara wannan ba.

Za a ce ina wayar, ina wutar, ina kuɗin data? Tambaya ce mai kyau, domin yarinya mai talla da almajirin da ke yawo a bakin titi sun fi kowa fuskantar haɗarin, kuma su ne ba su da waya. To a yi manhajar ƙarama, mai aiki ba intanet, mai magana da Hausa da murya tunda ɗan shekara biyar bai iya karatu ba. Masu tura finafinai a waya da ke kowace unguwa, da 'yan kasuwar waya na Farm Centre, za su iya baza ta cikin mako guda. Waya ɗaya a hannun malamar firamare ko malamin Islamiyya ta isa aji guda, yara su amsa tare, sannan a fita tsakar makaranta a gwada da ƙafa, domin abin da yatsa ya iya a kan gilashi ba lallai ƙafa ta iya shi a kan kwalta ba.

Masu iya haɗa ta muna da su. Jami'ar Bayero tana yaye masu ilimin kwamfuta duk shekara, Kannywood tana da masu murya da masu rubuta labari. 'Yan kwana-kwana sun san kududdufan da suka fi cin rai, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, ta san mahaɗar da ta fi haɗari. Gwamnatin Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 za ta iya zaunar da su a teburi ɗaya ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, kuma kuɗin ba zai kai na gina ajujuwa kaɗan ba.

Abin da nake tsoro kawai shi ne mu miƙa wa yaro waya mu ɗauka mun sauke nauyi. Ɗan shekara biyar ba ya iya auna gudun mota, kuma mantuwa ba ta masa wuya in ya ga ƙwallo ta gangara titi. Ranar nan, yarinyar tana nuna mini taurarin da ta ci a wasan, ni kuma idona na kan rijiyar tsakar gidan, wadda aka rufe da tsohon kwanon rufi da dutse ɗaya a kai. Na ce, "Yaya, gobe zan turo mai walda ya auna bakinta." Ta ce ai tun bara take cewa za a yi.