Ba maganar sayen ibuprofen a kemis ba ce fa

Na karanta labarin nan da ya ce ibuprofen na rufe jijiyar zuciyar bakwaini, sai na ga wasu har sun fara cewa ashe maganin na nan a kemis. Don Allah a yi hattara.

'Yar ƙanwata an haife ta a wata bakwai, tana cikin kwalba likita ya sa abin aunawa a ƙirjinta ya ji wani sauti kamar na inji. Da aka ɗauki hoton zuciya aka ce PDA ce. Wata 'yar jijiya ce da ke haɗa babbar jijiyar jini da ta huhu tun jariri na ciki, saboda a lokacin huhu ba ya aiki. A jaririn da ya cika wata tara takan rufe cikin kwana biyu zuwa uku, amma a bakwaini takan ƙi, sai jini ya cika huhu, numfashi ya yi wuya.

Sau 3 aka ba ta ibuprofen ɗin cikin kwana 3, ana lissafi da nauyinta. Ni da idona na ga nas tana ɗora kunzugunta a sikeli don sanin fitsarin da ta yi, domin maganin yakan taɓa ƙoda da hanji. Tun 1976 ake amfani da wani magani mai suna indomethacin don rufe jijiyar, yanzu wasu na ba da paracetamol. Kuma ba kowane jariri ake ba ba, da yawa takan rufe da kanta. Tamu sai a hoto na biyu aka ce ta rufe, uwar ta fashe da kuka a barandar asibiti.