Ɗauri aka yanke masa, ba a yanke masa ciwo ba

Tun daren jiya raina a ɓace yake. Kun dai ji muryar Inna da ake ta yaɗawa a WhatsApp, tana kuka kan ɗanta da askarawan Saudiyya suka kama saboda ba shi da igama, wato takardar izinin zama. Yaron nan mai ciwon suga ne, da allura yake rayuwa. Ta ɗauki maganinsa ta je inda yake tsare, aka maido ta, wai akwai likita a ciki. Da ya samu waya ya ce mata sau uku yana ba da sunansa, Panadol kawai yake samu. Amma abin da wasunmu suka iya faɗa shi ne "wa ya aike shi?" Haba jama'a! Mu da muke Makka da Jidda, gida nawa ne a cikinmu babu wanda ya taɓa kwana a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu?

Ni ban ce kada a hukunta mai laifi ba. Ƙasa ta masu ita ce, dokarsu ce. Amma hukuncin rashin takarda tsarewa ne, da tara, da mayarwa gida. Babu alƙalin da ke yanke wa mutum hukuncin rasa ƙafa ko makancewa saboda rashin takarda. Mai suga irin nasa in ya yi 'yan kwanaki babu insulin, jiki zai rikice, amai ya biyo baya, daga nan sai suma. Wanda ke waje zai iya cin bashi ya je kemis. Wanda aka kulle wa ƙofa fa? Duk wanda ya riƙe makulli, lafiyar na ciki ta hau wuyansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta haka a dokokin Mandela na 2015: kula da lafiyar fursuna nauyin hukuma ne, kyauta, daidai da wadda na waje ke samu, kuma likita ya duba kowa da zarar an shigo da shi.

Ba ma sai mun je can ba. Manzon Allah (SAW) ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kyanwa fa! A Suratul Insan Allah Ya jera kamamme tare da miskini da maraya. To ina muka samo wannan bushewar zuciya?

Wani ya rubuto mini wai ai ana zagayawa ana tambayar waɗanda ke tsare, suna cewa sun gamsu. Malam, ka tambayi mutum gaban mai gadinsa ko ya gamsu, me kake jira ya ce in ba alhamdulillah ba? Ga shi Larabcinsa na kasuwa ne, bai san yadda zai ce ƙafarsa ta mutu ba, babu tafinta. Ɗakin magani yana nan, na yarda. Samun isa gare shi kafin ciwo ya ci ƙarfinka shi ne maganar. A ɗakin da aka cunkushe mutane, tarin fuka da ƙazwa ba sa tambayar laifin kowa, kuma wanda ya kwaso su, gobe jirgi zai sauke shi a Kano cikin iyalinsa.

Shugabannin al'ummarmu, don girman Allah ku samo takardar asibitin yaron nan, ku sa mai jin Larabci ya raka Inna. Mai ciwo kuma ya riƙa yawo da katinsa na asibiti a aljihu.

Sannan ku masu ba matafiya saƙon ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, babu kwali babu takardar likita, ku ji tsoron Allah. Tramadol a nan ba wasa ba ne, ya kai bayin Allah da dama kurkuku tun daga filin jirgi, ba su ma ga Ka'aba ba.