Ceri a Washinton, gawo a gonarmu

Ƙarshen watan Maris abokan aiki suka ja ni zuwa Tidal Basin, wani tafki da bishiyoyin ceri suka kewaye a Washinton, wai kada furen ceri ya wuce ni. Na tafi ina gunaguni: a bar barcin Asabar don kallon fure? Na tarar da jama'a kamar ranar hawan Daushe, sai dai babu doki babu algaita. Kowa ya ɗaga kai sama yana kallon reshe.

Abin da kyau, ban musa ba. Iska na kaɗawa, furen ya yi ta zubowa kamar ana sheƙar auduga. Amma ni lissafin da ake masa ya fi ɗaure mini kai. A 1912 magajin garin Tokyo, Yukio Ozaki, ya aiko da bishiyoyi 3,020, bayan an ƙone na farko a 1910 saboda ƙwari. Har gobe hukuma ke hasashen ranar da kashi 70 cikin 100 na furen zai buɗe, ana jiranta kamar ganin watan Sallah. Ka tsinki ɗaya, ka karya doka.

Na kira Inna ta bidiyo na nuna mata. Ta ce, "Masha Allah. To yaushe 'ya'yan za su nuna?" Na ce ƙanana ne masu ɗaci, sai tsuntsaye. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Au, duk wannan taron?"

Na yi dariya, amma ina bayanta rabi da rabi. Mu bishiya sai ta ciyar: kuka ta ba da miya, ɗorawa ta ba da daddawa. Inda muka gaza shi ne ba mu tsayawa mu dube ta. Ga gawo, mai zubar da ganye da damina don gero ya samu rana, ya yi kore shar da rani lokacin da awaki ke neman abin ci. Wallahi ya fi ceri abin mamaki. Shekara nawa ina wucewa ta gindinsa a gonar Baba, ban taɓa ɗaga kai ba, sai dai in ji an ce wane ya sare nasa ya yi gawayi.

Kafin mu yi sallama na tambayi Inna ko gawon nan yana nan. Ta ce yana nan, me zan yi da shi?